Waya a Hannunku, Ciwo a Jikin Iyayenku

 'Ya'yana, ku ara mini kunnuwanku in yi muku magana a kan ciwon sukari, wanda ya shigo gidajenmu ya samu wurin zama, da kuma wayar nan da ba ta rabuwa da tafin hannunku. Na haɗa su ne saboda yadda al'amarin ya rabu a yawancin gidaje: ciwon yana jikin uba ko uwa ko kaka, iya latsa waya kuma yana wurin ɗa ko jika. Dattijon da likita ya ce wa ya rage tuwo ya ƙara tafiya, ba lallai ne ya iya karanta ƙananan rubutun da ke fuskar waya ba, balle ma shi wannan ciwo yakan taɓa gani. Aikin ya faɗo kanku ke nan, kuma ina so ku yi shi da sani, ku yi shi da ladabi.

Ƙungiyar IDF, mai bin diddigin wannan ciwo a duniya, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi. Miliyan 24 daga cikinsu suna ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su ma san suna da shi ba. Najeriya kaɗai an lissafa mata mutum miliyan 3.6. Ciwon nau'i-nau'i ne, kuma cikin kowane goma, tara nau'i na biyu ne, wanda ya fi kama mutum in ya fara manyanta. Da can ciwon masu hannu da shuni ake ce masa. Yau ga shi a gidan malamin firamare, ga shi a gidan mai sayar da kayan miya, har 'yan shekara talatin ana samunsu a layin asibiti.

Duk abin da muka ci mai sitaci, shinkafa ce ko masara, dawa, gero, rogo, doya ko burodi, hanji na narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata 'yar gaɓa da ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke sa tsoka da hanta su karɓi wannan sukari. A nau'i na biyu, jiki ne ke daina sauraron insulin yadda ya kamata, musamman in kitse ya taru a ciki da hanta, ita kuma gaɓar ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Sai sukari ya riƙa yawo a jini, shekara da shekaru, yana cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum bai ji zafin komai ba. In hawan jini ya haɗu da shi, zuciya ma tana cikin haɗari, haka nan shanyewar ɓarin jiki. Amma akwai rahama a cikin halittar: tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Shi ya sa abinci da motsa jiki suke tushen magani, ƙwaya da allura kuma a kansu ake ɗorawa.

An gwada wannan an gani. A Amurka an ɗauki mutum sama da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Wasu aka ba su ƙwayar metformin, wasu aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Da sakamako ya fito a 2002, masu ƙwaya haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari, masu gyaran ci da tafiya kuwa da kashi 58. Kashi 7 ɗin nan, ga mai kilo 80, bai kai kilo shida ba. A Birtaniya kuma, wani gwaji da aka fitar a 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon da aka sa a tsarin rage ƙiba mai tsanani, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da ƙwaya ba. Likitoci suna kiran wannan lafawa, domin in ƙiba ta dawo ciwon na iya dawowa, kuma ba abin da mutum zai ƙaƙaba wa kansa a gida ba ne.

To ina wurin waya a cikin wannan? Manhajojin waya na wannan aiki suna da yawa. Akwai irin su mySugr, wadda aka ƙirƙira a Ostiriya, kamfanin Roche ya saye ta a 2017, ana rubuta awon sukari da abinci da magani a cikinta ta zana wa mutum yadda abin ke hawa da sauka. Akwai MyFitnessPal mai lissafin abin da aka ci. Akwai masu ƙirga taku irin Samsung Health da ke zuwa a cikin wayoyin Samsung tun daga kanti. Da masana suka tattara gwaje-gwaje da dama a 2016, sun ga masu nau'i na biyu da ke amfani da manhaja, awonsu na HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya sauka da kusan rabin maki. Kada ku raina rabin maki, domin wani dogon bincike na Birtaniya ya nuna saukar maki ɗaya na tafiya da raguwar lalacewar ƙananan hanyoyin jini da kashi 37 cikin ɗari. Sai dai abin lura shi ne, amfanin ya fi yawa a inda wani ma'aikacin lafiya ke duba abin da aka rubuta yana ba da amsa. Manhaja kamar littafin bashi na mai kanti take: abin da aka rubuta shi ke ciki, ba ta mantuwa, amma littafin ba ya biyan bashin da kansa.

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne mafi yawanku ke karaya. Za ka saukar da manhaja da zumuɗi, ka zo rubuta abincin daren Baba, ka nemi tuwon dawa miyar kuka ka rasa. Ka nemi ɗanwake, ko dambu, ko fura da nono, ko dai babu, ko kuma ka tarar wani ne can ya shigar da lissafin da ka, ba wanda ya tantance. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma, ta kuma sabunta shi a 2019, amma yawancin manhajojin nan a kan cimar Turai da Amurka aka gina su. Ko da ma an samu tuwon a ciki, malmalar gidanku da ta gidan maƙwabtanku ba ɗaya ba ce. Da ɗan gari akan ci gari. Ku ne za ku koya wa wayar abincin gidanku, kuma hanyar ba ta da wuya.

Ku zaɓi abinci guda wanda mai ciwon ya fi yawan ci. A auna sukari kafin ya sa hannu a kwano. Ku ɗauki hoton abincin yadda aka zuba shi, ku rubuta adadinsa da ma'aunin gida, malmala nawa, mara nawa, ludayi nawa, kuma a riƙa amfani da mara ɗaya ko kofi ɗaya kullum don lissafi ya tafi daidai. Bayan awa biyu da lomar farko, a sake aunawa. Ma'aunin da likitoci suka fi bayarwa shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin ci, ƙasa da 180 bayan ci, sai fa in likitansa ya sa masa wani daban, don tsofaffi tukuf akan sassauta musu. Wata rana ku maimaita da abincin nan amma an rage tuwon an ƙara miya da ganye. Wata rana kuma a ci yadda aka saba, a yi tattaki na minti goma sha biyar bayan ci. Kafin wata biyu za ku ga kun tara abin da babu kamfanin da zai sayar muku: yadda jikin mahaifinku ke karɓar girkin mahaifiyarku.

Wata dattijuwa a unguwarmu, mace mai kiyaye doka, tun da aka ce tana da sukari ta yi sallama da shinkafa da sukarin shayi. An gaya mata alkama da acca su ne abincin masu sukari, sai ta koma tuwon alkama malmala biyu manya kowane dare, da safe kuma kofin silba cike da koko ba sukari. Duk da haka in ta je asibiti a ce abin bai sauka ba, ta dawo gida ranta a ɓace tana cewa, "To me kuma zan daina ci?" Jikarta ce ta zauna ta yi mata irin wannan awo na kafin ci da bayan ci, tana rubutawa a waya. Kokon nan da aka tace tas, ba dusa ba komai, shi ya fi ɗaga mata sukari, ya wuce 180 nesa ba kusa ba. Tuwon alkama ma bai bar ta ba, don alkama sitaci ce kamar sauran, kuma malmala biyu malmala biyu ce. Ranar da ta ci alale da kwaɗon zogale, ko ɗan wake da shinkafa wanda waken ya rinjaya, lambar ta zauna lafiya. Ba a hana ta koko ba. An mai da shi ƙaramin kofi, aka haɗa mata da ƙosai ko dafaffen ƙwai, tuwon dare ya koma malmala ɗaya da miyar kuɓewa mai yawa da ɗan kifi. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne ta daina jin tsoron abinci, domin ta gani da idonta wanne ne nata, wanne ne ba nata ba.

Na san tsinken gwaji na da tsada, kuma ba kowane gida ke iya sayen gwangwani bayan gwangwani ba. Wanda ke allurar insulin dole ya riƙa aunawa yadda likita ya tsara masa. Wanda ke kan metformin kaɗai kuwa, sau da yawa ba ya bukatar huda yatsa kowace safiya, don haka gara a kashe tsinken a inda zai koyar da wani abu, abinci ɗaya a mako ma ya isa. Ku rufe gwangwanin da kyau bayan an ɗauka, kada a bar shi a mota ko a taga inda rana ke duka, ku duba ranar lalacewarsa. A wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe kafin huda, domin yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro zai ba ku lambar da za ta tayar da hankalin gida a banza.

Inda manhaja ta fi iya aikinta shi ne kayan kanti masu rubutu a jiki. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar santilita 50 ke nan ta kai giram 50, kusan cokalin shayi goma sha biyu, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai lafiya ma kada ya wuce a yini guda. Lemon malt da muke kai wa marasa lafiya dubiya shi ma cike yake da sukari. Sauran kuma ku kuka san su: zoɓo da kunun aya na sayarwa, shayin mai shayi da madara mai zaƙi, shayin 'yan uwanmu na Nijar da ake zagaye uku kowanne da sukarinsa, fura da aka dama aka zuba mata sukari da ludayi. Zuma da mazarƙwaila da rake, duk da asalinsu mai kyau ne, suna ɗaga sukarin jini. Ku rubuta abin sha kamar yadda kuke rubuta abin ci, don shi aka fi mantawa.

Masana abinci suna cewa a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, rubu'i nama ko kifi ko ƙwai ko wake, rubu'i tuwo ko shinkafa. Mu kuwa Allah Ya hore mana ganye, ga zogale, rama, yakuwa, alayyafo, lansir, kabeji, ga kuka da kuɓewa, ga wake da gyaɗa da awara masu sauƙin kuɗi. Abin da nake roƙonku shi ne kada a ware mai ciwo da 'yar tukunyarsa shi kaɗai, kowa na cin mai daɗi shi yana kallo. Wanda aka ware ba ya daɗewa a kan doka. A gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, a rage mai, a rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini, a yawaita miya. In tare ake ci a faranti ɗaya yadda muka gada, a sa masa malmalarsa a gefensa, kowa ya ci nasa ana hira.

Akwai wani kuskure da ke iya jawo babbar matsala, wato ma'aunin lamba. Yawancin na'urorin gida a Najeriya suna nuna mg/dL, ɗakunan gwaji na asibitoci da yawa suna rubuta mmol/L, a Nijar kuma g/L aka saba. Lambar da ake tabbatar da ciwon da ita, in mutum ya kwana bai ci komai ba, ita ce 126 a na farko, 7.0 a na biyu, 1.26 a na uku, duk abu ɗaya ne. Daga mmol/L zuwa mg/dL ana ninkawa ne da 18. Mutanenmu na zirga-zirgar neman magani tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Damagaram da Kano, da takardu iri biyu a jaka. Kafin ku shigar da lamba ko ɗaya, ku buɗe saitin manhajar ku tabbatar ma'auninta ya yi daidai da na na'urar da ke gidan.

Batun tafiya kuma, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema shi ne aƙalla minti 150 a mako, na tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma mutum na iya magana. Minti talatin ke nan sau biyar, kuma ana iya gutsuttsura shi goma-goma. Taku 10,000 da waya ke sa wa mutum a gaba, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960, saboda haka kada ku ɗora wa tsoho shi ya ji ya gaza. Ku duba abin da yake yi a mako na farko, ku ƙara kaɗan a kai. Tafiyar bayan cin abinci ta fi kowacce riba, don a lokacin ne sukari ke tashi. Dattijo ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa a sallar Isha'i, ya sauka daga adaidaita sahu kafin a kai ƙofar gida. Da bazara a nemi sanyin safiya bayan Asuba ko bayan Magariba, a sha ruwa.

Iyayenku mata su ne aka fi mantawa a wannan lissafi. Kakanninsu sun yi daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya, inji da famfo sun ɗauke waɗannan, ba a kuma maye gurbinsu da komai ba. Wayar ma ba ta yi musu adalci, don takun da take ƙirgawa sai tana jikin mutum, ita kuwa Inna wayarta na kan gado tana ta kai da kawo tsakanin madafa da tsakar gida. A nan ku bar ƙirgar taku ku koma agogo: ku sa mata ƙararrawa bayan abincin rana da na dare, ku zagaya tsakar gida tare minti goma kuna hira. Mai ciwon gwiwa ta zauna a kujera ta miƙe, ta zauna ta miƙe, gwargwadon iyawarta. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ko jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ya tsaya, a kai shi asibiti.

Kada a fara tattaki sai an duba ƙafa. Ciwon nan na kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko ƙaya bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Tsoho ba ya iya lanƙwasawa ya ga tafin ƙafarsa, ku kuwa kuna da fitilar waya da kyamara. Kowane dare ku haska, ku duba tsakanin yatsu da dunduniya, in kun ga wani abu ku ɗauki hoto don a gane ko yana ƙaruwa, kuma a je asibiti ba tare da jira ba. Kada ya yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne, a zazzage takalmin kafin a sa. Kada a sa reza a kankare kaushi. Da hunturu ku taɓa ruwan alwalarsa da hannunku kafin ya zuba wa ƙafa, kuma kada ya miƙa ƙafafu kusa da kaskon wuta.

Yanzu ga abubuwan da za ku guje wa. Duk manhajar da ta ce a ɗora yatsa a fuskar waya ko a kyamara ta faɗi sukarin jini, ƙarya ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da wani agogon hannu ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Abin da ke aiki shi ne irin FreeStyle Libre, wanda ake manna wa a damtse da ɗan siririn tsinke a ƙarƙashin fata na kwana 14, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu. Kada ku bar manhaja ta yanke muku yawan insulin: masana a Landan sun binciki irin waɗannan manhajoji 46 a 2015, suka tarar kusan biyu cikin uku na iya ba da adadin da bai dace ba. Haka nan saƙonnin WhatsApp da bidiyon TikTok masu cewa ga garin da ke warkar da sukari a mako biyu, a jefar da maganin asibiti. Mutane da yawa sun bi wannan hanya sun dawo da ƙoda a lalace. In akwai wani ganye ko jiƙo da mai ciwon ke sha, ku rubuta shi a cikin manhajar ku gaya wa likita ba ɓoye-ɓoye.

Ku san alamun faɗuwar sukari, domin in an rage ci an ƙara tafiya alhali magani na nan yadda yake, hakan na iya faruwa, musamman ga mai allura ko mai shan glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil. Rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa ko faɗa ba dalili. In an auna an ga ƙasa da 70, a ba shi cokalin shayi uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemo, a sake aunawa bayan minti goma sha biyar. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Azumi ma yana bukatar shiri. Tun a Rajab ko farkon Sha'aban a je wurin likita da abin da aka rubuta, ya duba ko mai ciwon zai iya, ya kuma gyara lokutan magani. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a sha ruwa in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Shari'a ta yi wa marar lafiya sauƙi, ku tuna wa iyayenku wannan da tattausan harshe, in ya yiwu ta bakin malamin da suke jin maganarsa. A Senegal, tun azumin 2014 gwamnati tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara tura wa masu sukari gajerun saƙonni a waya, na tunatarwa a kan shan ruwa da rage zaƙi lokacin buɗa-baki. Ƙaramar waya ma ta wadatar ke nan. Ɗan da ke Abuja ko Legas ko Kumasi zai iya yi wa mahaifiyarsa irin wannan da saƙon murya cikin Hausa, ƙaninsa da ke gida kuma ya riƙe littafi da biro in babu data ko babu caji.

Abin da ya fi damuna, 'ya'yana, shi ne yadda ilimi kaɗan ke sa yaro ya zama ɗan sanda a kan iyayensa. Na ga ana fizge kwano daga gaban uba. Na ji ana faɗin lambar sukarin uwa a gaban baƙi, ana yi mata faɗa kamar ƙaramar yarinya. Wanda aka kunyata zai fara ɓoyewa, ya ci a waje, ya ce bai ci ba, sai ku cika waya da lissafin ƙarya, likita kuma ya ƙara ko ya rage magani a kan ƙarya. Lambar da ta hau labari ce take ba ku, ba laifi ne aka kama ba. Rashin barci na ɗaga ta, zazzaɓi na ɗaga ta, ɓacin rai ma haka. In an je biki an ci alkaki da nakiya, a rubuta an ci, shi ke nan. Ka ce, "Baba, jiya da muka taka bayan tuwo kun ga yadda ta sauka, ko za mu ƙara yau?" Ki ce, "Inna, in dama miki furar da nono mai yawa, ku ɗanɗana ku ji." Ciwonsu sirrinsu ne, kada a watsa awonsu a zauren WhatsApp na dangi sai da izininsu. Manhajar da ta nemi shiga lambobin mutanenku ko hotunanku gaba ɗaya ba dalili, ku hana ta. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma kariyar farko ita ce abin da kuka yarda kuka danna.

Ranar ganin likita, ɗayanku ya raka shi. Layi na da tsawo, likita kuma 'yan mintoci gare shi, don haka kada ku miƙa masa waya ya yi ta lalube. Tun a gida ku fitar da abin da ya fi muhimmanci a takarda guda: awon safe na makonnin baya, abincin da ya fi ɗaga sukari, ranakun da ya faɗi ƙasa da 70 da abin da ya faru kafin nan, da duk magungunan da ake sha har na gargajiya. Ku tambayi yaushe za a yi HbA1c, wanda ga yawancin manya ake so ya zauna ƙasa da 7. Ku tambayi awon hawan jini, da gwajin ƙoda, da duban ido na shekara-shekara, ku roƙa a cire takalmi a duba ƙafa.

Tun da kun riga kun je, ku ma ku tsaya a auna ku. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da nau'i na biyu, haɗarinsa ya fi na sauran mutane, haka macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki. A gida ma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: ku yanki igiya daidai tsawonku, ku ninka ta biyu, ku zagaya ta a cikinku wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa. A asibiti kuma, in awon safe kafin karyawa ya fito ƙasa da 100, ku gode wa Allah ku tambayi likita yaushe za ku sake. In ya faɗa tsakanin 100 da 125, to irinku ne aka yi wa wancan bincike na 2002, sai ku buɗe wa kanku shafi a cikin manhajar da kuka saukar don Baba, ku fara da lemon da kuke sha da rana da kuma tafiyar bayan Isha'i.